Shekara shida ina jira Anti, anya Allah bai yi fushi da ni ba?

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ɓoye sunana. Shekarata 31, aurena shekara shida da 'yan watanni kuma har yau Allah bai ba mu haihuwa ba. A shekara ta biyu na samu ciki ya zube yana wata biyu da 'yan kwanaki, tun daga nan shiru kake ji. Ƙanwata da aka aurar bayana da shekara uku yanzu goyo na biyu take. Na je asibiti an yi min sikanin an ce ba a ga wata babbar matsala ba, likita ya ce in zo da maigida amma ya ƙi, kullum sai ya ce shi lafiyarsa ƙalau mu bar wa Allah. Mahaifiyarsa ba ta taɓa gaya min baƙar magana ba amma duk zuwan da zan yi sai ta kalli cikina kafin ta kalli fuskata. Karatun da nake yi ma na ajiye saboda ina ganin kamar zirga-zirga ce take hana cikin zama. Na yi tahajjud na yi azumi na yi sadaka, na yi kuka a sujuda har sallaya ta jiƙe, yanzu kam wallahi ina idar da sallah tashi kawai nake, na kasa ɗaga hannu. Akwai wasu kurakurai da na yi kafin aure na tuba tun tuni, amma zuciyata tana ce min su ne ake kama ni da su. Wata ƙawata ta ce za ta kai ni wurin wani mai duba ya gaya min abin da ya tsare ni. Anti kowa ce min yake lokaci ne, lokaci ne, toh yaushe ne lokacin? In ci gaba da jira ne ko in haƙura gaba ɗaya?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sau uku na karanta saƙonki kuma duk karantawar a wuri ɗaya nake tsayawa, wurin da kika ce kin kasa ɗaga hannu. Kallon surukarki da goyon ƙanwarki duk na san zafinsu amma wannan ya fi su tsaya min a rai. Ba zan ce miki lokaci ne ba, kin ji ta har ta ginshe ki, kuma maganar gaskiya ce fa, sai dai idan ta fito daga bakin wadda take jijjiga nata jaririn a kafaɗa wani irin ɗaci take yi wanda mai faɗar ba ta ma san ta yi ba. Na san abin gwajin cikin nan. Na san tashin asuba kafin kowa ya motsa, ki shiga banɗaki ki tsaya kina ƙirga mintoci, layi ɗaya ya fito, ki haska shi da fitilar waya ki karkata shi nan ki karkata shi can ko na biyun zai ɗan leƙo, a ƙarshe ki nannaɗe shi a takarda ki tura can ƙasan kwandon shara don kar maigida ya gani, ki wanke fuska ki fito kamar ba komai. Ni ma na yi shekara huɗu ina wannan aikin. Ban kawo miki nawa don in ce ke ma haka naki zai ƙare ba, ni ban san naki ba, so nake dai ki san wadda take miki magana ta taɓa tsayuwa a banɗakin nan.

Mu fara da maganar fushin, don ita ce take cin ki ta ciki. Ƙanwata da haihuwa ce ma'aunin yardar Allah da Annabi Zakariyya bai kai tsufa ba ɗa ba. Buɗe farkon Suratu Maryam ki ji yadda ya yi magana da Ubangijinsa a ɓoye, ya ce ƙashina ya yi rauni, kaina ya cika da furfura, matata kuma ba ta haihuwa, annabi ne fa guda. Annabi Ibrahim badaɗin Allah ne amma a aya ta 39 ta surar da take ɗauke da sunansa godiya yake wa Allah da ya ba shi Isma'il da Ishaƙ a kan tsufa. Sai kuma wadda mutane ba su cika son ambata ba a irin wannan hirar saboda labarinta bai ƙare da jariri ba, Nana A'isha, wadda Manzon Allah (SAW) da bakinsa ya ce ita ya fi so a cikin mutane, har ta koma ga Allah ba ta haihu ba, alkunyarta ta Ummu Abdullah ma da ɗan yayarta Asma'u aka yi mata, Abdullahi ɗan Zubair. Wa zai buɗe baki ya ce fushi ake da ita? A Suratush Shura aya ta 49 da 50 Allah ya kasa mutane gida huɗu, wanda ya ba 'ya'ya mata, wanda ya ba maza, wanda ya haɗa wa duka, da wanda bai ba ba, sai ya rufe da cewa shi masani ne mai iko. Bai ce na farkon su ne na kirki na ƙarshen masu laifi ba. Ke ma da idonki kin san mutanen da ko alƙibla ba sa kallo amma gidansu cike da yara.

Kurakuran da kika yi kafin aure kuwa, kin ce kin tuba, toh magana ta ƙare. Aya ta 53 a Suratuz Zumar da masu irin damuwarki take magana, waɗanda suka yi wa kansu ɓarna, aka ce kar su yanke ƙauna daga rahamar Allah domin yana gafarta zunubai gaba ɗaya. Ki lura da muryar da take ce miki ana kama ki ne, ina ta kai ki? Ta kai ki inda kika daina roƙo. Duk tunanin da ƙarshensa shi ne ki sauke hannu daga addu'a ai kin san daga inda ya fito. Kuma dan Allah kar wata rana damuwa ta yi miki yawa ki zauna ki zayyane wa maigida ko ƙawa abin da Allah ya rufa miki asiri a kai da sunan wai ki samu sauƙi, abin da ya rufe ki bar shi a rufe.

Akwai lokacin da wahayi ya ɗan tsaya wa Annabi (SAW), shiru ya yi shiru har mushirikai suka fara yi masa gori cewa an rabu da shi. Sai Suratud Duha ta sauka, bayan rantsuwa da hantsi da dare abin da aka fara gaya masa shi ne Ubangijinka bai rabu da kai ba kuma bai ƙi ka ba. Kinga shirun da aka yi masa ba ƙi ba ne, amma a lokacin da yake cikinsa ya ji zafinsa. Ni idan abu ya cushe min surar nan nake maimaitawa a nafila, gajera ce aya 11, ki gwada karanta ta a hankali kina bin ma'anar.

Sannan ki daina ganin kukanki da tambayarki kamar sun rushe miki haƙuri. Mutanenmu wani lokacin sun ɗauka mai haƙuri shi ne wanda ya zama dutse. Annabi Yaƙub da ya ce haƙuri mai kyau, shi ne dai ya yi ta baƙin cikin Yusuf har idanunsa suka yi fari, da 'ya'yansa suka dame shi da cewa zai hallaka kansa sai ya ce ni Allah nake kai wa kukana da baƙin cikina. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim yake barin duniya, ya ce ido yana hawaye zuciya tana baƙin ciki amma ba ma faɗar sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Kai har tambayarki ta yaushe ma akwai ta a Alƙur'ani, Baƙara aya ta 214, inda aka girgiza waɗanda suka gabace mu har manzonsu da muminan da ke tare da shi suka ce yaushe taimakon Allah zai zo. Ba a kore su ba, amsa aka ba su cewa yana kusa. Toh ke wace ce da za ki ce ba za ki gaji ba.

Yanzu ga inda zan gaya miki abin da ba lallai ya yi miki daɗi ba. Ba ni da ranar da zan ba ki, kuma ba zan rantse miki cewa za ki haihu ba, duk wanda ya rantse miki ya shiga hurumin da ba nasa ba. Ina miki kyakkyawan zato sosai, shekara 31 da sauranki, kuma cikin da kika taɓa samu alama ce mai ƙarfafa gwiwa, amma zato daban alkawari daban. Abin da aka yi mana alkawari shi ne addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza. A hadisin Abu Sa'idil Khudri da Imam Ahmad ya ruwaito, duk musulmin da ya yi addu'ar da babu saɓo ko yanke zumunci a cikinta ɗayan uku yake samu, ko a gaggauta masa abin da ya roƙa, ko a ajiye masa a lahira, ko a kawar masa da wani sharri kwatankwacinta. Na sani, wadda take son ta ji ɗumin jariri a ƙirjinta na farkon take so, ni ma shi nake roƙa miki. Amma hawayen da suka jiƙa sallayar nan ba ɗigo ɗaya da ya ɓata.

Kuma shi alherin da ake cewa yana cikin jinkiri ba a cika hango shi daga ciki ba. A shekara ta 6 bayan hijira sahabbai kusan 1400 suka ɗaura harami suka nufi Makka da niyyar umara, aka tsare su a Hudaibiyya, aka ƙulla sulhu da sharuɗɗan da suka yi musu nauyi, aka ce su juya gida sai baɗi. Sayyidina Umar da kansa ya kasa daurewa, ya je ya tambayi Annabi (SAW) shin ba ka ce mana za mu je ɗakin Allah mu yi ɗawafi ba? Ya ce masa na faɗa, amma na ce maka bana ne? Wallahi duk sanda na tuna amsar nan sai jikina ya yi sanyi. A hanyarsu ta komawa Suratul Fathi ta sauka tana kiran wannan juyowar buɗi mabayyani, shekara ta 7 suka yi umararsu, shekara ta 8 aka buɗe Makka gaba ɗaya. Ranar da suke aske kai a Hudaibiyya cikin ɓacin rai ba su ga wannan duka ba. Saboda haka ban ce dole sai kin gano hikimar jinkirinki yanzu ba, ba a ɗora miki wannan ba, kuma masu zuwa su zauna su lissafa miki dalilin da ya sa Allah ya jinkirta miki kamar da su aka yi shawara, ki saurare su da kunne ɗaya.

Wannan ya kawo mu kan mai duban da ƙawarki take son kai ki. Wataƙila tausayinki ne ya sa ta kawo shawarar, ban ce muguwa ba ce, amma kar ki je, ko rakiya kar ki yi. Hajar da mutumin nan yake sayarwa ita ce daidai abin da kike ƙishirwa, wato rana da dalili, kuma duka biyun ba shi da su. A Sahihu Muslim an ce wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Bayan wannan ma ki duba yadda abin yake ƙarewa, da wuya ki fito daga ɗakin bai maƙala wa wani laifin ba, zai ce wata ce a dangin miji ta ɗaure miki mahaifa, daga ranar duk kallon da surukarki ta yi miki sai ya zama hujja, ki shiga da matsala ɗaya ki fito da uku. Ga jiƙe-jiƙen da ba ki san me ke ciki ba, ga kuɗi, ga watannin da ya kamata a ce likita ne yake bin lamarin. Ki ce mata kin gode, ki rufe zancen da fara'a.

Hannun da ya ƙi ɗaguwa kuma kar ki ce sai kin koma tahajjud na awa biyu a dare ɗaya, ba za ki iya ba sai ki ƙara jin kin gaza. Bayan kowace sallar farilla kafin ki naɗe sallaya ki ɗan zauna ko na minti ɗaya ne ki faɗi addu'ar Annabi Zakariyya ta Suratul Anbiya aya ta 89, Rabbi la tazarni fardan wa anta khairul warisin. Ranar da ita ma ta yi miki nauyi ki yi da harshenki, ki ce ya Allah na gaji, ka riƙe ni. Wannan ma addu'a ce. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa ana amsa wa mutum matuƙar bai yi gaggawa ba, ya ce na roƙa ba a amsa min ba, a wata ruwayar Muslim aka ƙara da cewa sai ya gaji ya bar addu'ar. Barin shi ne abin tsoron, kuma ke ba ki bari ba tukuna, da kin bari da ba ki rubuto min ba.

Toh mu zo kan maigida, a nan ne nake ganin akwai aikin da ba a yi ba. Mu bar wa Allah magana ce mai kyau amma ana fakewa da ita. Wani ya tambayi Annabi (SAW) game da raƙumarsa, ya ɗaure ta ya dogara ga Allah ko ya sake ta ya dogara, ya ce masa ɗaure ta sannan ka dogara, Tirmizi ya kawo shi. Nana Hajara ta san Allah ba zai tozarta su ba, da bakinta ta faɗa, amma duk da haka sau bakwai ta yi safa da marwa tana neman ruwa, ruwan kuma ya ɓullo ta inda ba ta nema ba, kusa da jaririnta. Gwajin da aka yi miki ke kaɗai rabin bincike ne. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2023 ta ce kusan mutum 1 cikin 6 na manya a duniya yana fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, maza da mata, kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa a kaso mai yawa, har kusan rabi, akwai hannun ɓangaren namiji a ciki. Ƙa'idarsu ita ce idan an shekara ɗaya ana tare ba tsarin iyali ba ciki a duba miji da mata duka, idan matar ta wuce 35 wata shida ma ya isa. Ku kun yi shekara huɗu tun bayan ɓarin.

Amma ki fahimce shi kafin ki tunkare shi. Yawancin maza da suke cewa lafiyata ƙalau tsoro ne yake magana, sun haɗa ƙarfin namiji a shimfiɗa da ƙwayoyin haihuwa alhali abu biyu ne daban, mutum zai iya zama garau ta can amma ƙwayoyin su yi ƙaranci ko su rasa kuzarin tafiya. Zai kuma ce ai na taɓa yi miki ciki, eh gaskiya ne, sai dai jiki yana canzawa a shekara huɗu, ciwon sanyin da ba a magance ba, kumburin jijiyoyin maraina, sigari, ƙiba, wasu magunguna, duk suna taɓawa. Shi ma fa yana jin tambayoyin mutane a waje, kawai dai bai iya kuka a gabanki ba ne. Kar ki tayar da maganar ranar da al'ada ta zo kina cikin ɓacin rai, kar kuma ki yi ta a gaban kowa. Ki nemi daren da kuke cikin raha ki ce masa, ni ba zarginka nake ba, likita ya ce ba zai iya ci gaba da duba ni ba sai ya ga sakamakonmu mu biyu, ka taimake ni ka raka ni, duk abin da aka gani tsakanina da kai ne har abada. Kalmar ƙarshen nan ita yake jira ya ji, kuma idan kin faɗa ki cika, ko mahaifiyarki kar ta ji. Gwajin nasa ma ba allura ba tiyata, maniyyi kawai zai bayar bayan ya ƙaurace miki kwana 2 zuwa 7, kuma idan sakamakon farko bai yi kyau ba akan maimaita bayan kamar wata uku saboda kusan tsawon lokacin da jiki yake ɗauka kenan ya ƙera sababbin ƙwayoyi. Idan ya cije ya ƙi, ki nemi mutum ɗaya tak da yake jin nauyinsa kuma mai riƙe sirri, ko ki roƙi likitan ya kira shi su yi magana namiji da namiji. Ban ce ki yi yaji ko ki tara masa dangi ba, wannan ƙara ƙulle ƙofar zai yi.

Ke ma sikanin kaɗai bai gama bincikenki ba. Ki nemi likitan mata wanda ya ƙware a harkar haihuwa ki tambaye shi kai tsaye, shin ina yin ƙwai kowane wata, an duba sinadaran jikina irin su furolaktin da na maƙoshi wato tayirod, an duba PCOS wato matsalar sinadaran jiki da take hana ƙwai fita a kan lokaci, an yi min hoton bututun mahaifa da ake kira HSG a ga ko a buɗe suke, musamman tunda kin taɓa ɓari. Ki rubuta tambayoyin a waya kafin ki shiga don mutum yana zama gaban likita komai sai ya gudu daga kansa. Ki riƙa rubuta ranar da al'ada take zuwa, ƙwai yakan fita ne kamar kwana 14 kafin al'ada ta gaba, kwanaki biyar kafin fitarsa da ranar kanta su ne ciki ya fi shiga. Ki kuma tambaye shi maganar folik asid, wato wani bitamin da ake so mai neman ciki ta riƙa sha tun kafin ya shiga.

Ɓarin da kika yi, na lura kin ambace shi a layi ɗaya kin wuce, amma ajiye karatun da kika yi ya nuna min har yanzu kanki kike zargi. Ƙanwata ɓari a watanni ukun farko abu ne da yake faruwa sosai, cikin kowane ciki goma da aka san da shi ɗaya ko biyu a haka suke ƙarewa, kuma kusan rabinsu daga yadda ƙwayoyin halittar ɗan tayin suka haɗu ne tun farko, zuwa makaranta da hawa bene da aikin gida ba su ne suke zubar da shi ba. Ibn Majah ya ruwaito cewa ɗan da aka yi ɓarinsa zai ja mahaifiyarsa da cibiyarsa zuwa Aljanna idan ta yi haƙuri tana neman lada. Ke uwa ce ta wani da ya riga ki isa. Ki koma karatunki dan Allah. Kin mayar da rayuwarki ɗakin jira, wata yana kamawa ki fara ƙirga, ya ƙare ki yi kuka, ba abin da ke tsakani, wa zai iya wannan shekara da shekaru? Idan cikin ya zo kina tsakiyar zangon karatu ai ba a kanki aka fara ba.

Surukarki kuma tunda kin ce ba ta taɓa gaya miki baƙar magana ba, ki riƙe mata wannan, ba kowace take iya kame bakinta shekara shida ba. Jika take so, kuma mai yiwuwa ita ma tana tashi cikin dare a kanku. Wata rana idan kun keɓe ki riga ta, ki ce Mama ki ci gaba da sa mu a addu'a muna neman magani, shikenan ba sai kin buɗe mata fayil ɗin asibiti ba. Sau da yawa wadda aka roƙa addu'a takan koma ɓangarenki. Idan kallon ya fara zama magana, ɗanta ne ya kamata ya tare, ba ke ba. Ƙanwarki kuwa ba rabonki ta ɗauka ba, nata ta ɗauka, kuma ɗan abin da kike ji a ƙirji idan ta ɗora hoton yaran a WhatsApp ba shi ne hassada ba matuƙar ba ki so ta rasa su, ki ce Allah ya raya ki roƙi naki. Ranar da zuciyar ba za ta ɗauka ba ki ajiye wayar, ba laifi. Amma kar ki janye daga yaran, ina jin ita ma tana rasa yadda za ta yi da ke ne, tana tsoron murnarta ta yi miki ciwo.

Kin tambaye ni ki ci gaba da jira ko ki haƙura gaba ɗaya, ni kuma ba na son ko ɗaya a yadda kike nufinsu, don jiran naki zama ne wuri ɗaya, haƙurin kuma yanke ƙauna kike nufi. Ku ɗibi wata uku ku kammala gwaje-gwajen nan ku biyu, ku zauna da likita ku ji me ya gani. Wata matsalar ƙwayoyin magani ne kawai na taimaka wa ƙwai fita, wata ƙaramar tiyata, wata kuma sai an kai ga IVF, wato a haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji sannan a dasa a mahaifa, wanda tun 1978 aka haifi jaririyar farko ta hanyarsa a Ingila, kuma majalisun fiƙihu sun halatta shi idan ƙwan matar ne da maniyyin mijinta kuma auren yana nan. Yana da tsada kuma ba kowane zagaye ne yake kamawa ba, gara ki sani tun yanzu. Akan kuma yi duk gwajin a ce ba a ga komai ba, wannan ma yana faruwa kuma wasunsu suna samu daga baya. Duk matakin da za ku ɗauka ku yi istihara, ki kula da ƙarshen addu'ar, inda ake cewa ka ƙaddara min alheri a duk inda yake sannan ka sa in yarda da shi. Wannan yardar roƙonta ake yi, ba a matso ta da ƙarfi. Riƙon maraya ma ƙofa ce babba da Annabi (SAW) ya haɗa yatsunsa biyu ya nuna kusancin mai yin ta da shi a Aljanna, amma ban kawo ta don in ce ki maye gurbi ba, ki ajiye ta a gefe har ranar da zuciyarki da ta maigida za su nufe ta da kansu.

Abu ɗaya da ban so ki yi wasa da shi, idan kin ga barci ya ƙaurace miki, ba kya sha'awar komai, kuka ba dalili har sati biyu ko fiye, ko kina jin gara ma ba kya raye, ki gaya wa likita a zuwanki na gaba ko ma kafin nan, ciwon damuwa ciwo ne da ake magani kuma ba ya nufin imaninki ya yi rauni. Ki samu mace ɗaya mai hankali da za ki riƙa sauke mata abin da ke ranki, ba wannan ƙawar tamu mai maganar duba ba dai.

Allah ya ba ki zuri'a ɗayyiba ƙanwata, ya sanyaya miki zuciya kafin nan. Ki sake rubuto min bayan kun yi magana da maigida in ji yadda kuka ƙare, in ya ƙi ma ki rubuto mu sake lale, kuma ki gaya min ranar da za ki koma aji.